Daƙiƙa Biyar A Kan Waya, Mita 70 A Makance: Yadda Iyali Za Su Raba Direba Da Wayarsa

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Zariya a Kano, ko titin Ahmadu Bello a Kaduna, tsakanin ƙarfe bakwai da takwas na safiyar ranar makaranta, zai ga abu ɗaya yana ta maimaituwa. Mota cike da yara sanye da yunifom, jakunkuna da kulolin abinci a cinya, uba ko uwa ko babban yaya a kan sitiyari. Hannu ɗaya yana tuƙi, ɗayan yana riƙe da waya. Wani saƙon murya yake saurare a WhatsApp, wata tana duba ko alat ɗin kwastoma ya shigo, wani kuma yana rubuta wa ofis cewa ga shi nan a hanya.

A cikinsu babu wanda yake ɗaukar kansa mai ganganci. Mutane ne da ba za su bar yaronsu ya tsallaka titi shi kaɗai ba, ba kuma za su bar shi ya matsa kusa da tukunyar gas ba. Sai dai waya ta riga ta shiga jiki, har ta kai hannu yana kai mata da kansa da zarar ta yi ƙara, tun kafin mutum ya yanke shawarar ɗauka. Matsalar ke nan, kuma wani ɓangare na maganinta yana cikin ita wayar, a saitin da yawancin mutane ba su taɓa buɗewa ba.

Lissafin daƙiƙa biyar

Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka, NHTSA, ta ƙiyasta cewa karanta saƙo ko aika shi yana ɗauke idon direba daga titi na kimanin daƙiƙa 5. Lissafin abin da ke faruwa a wannan ɗan lokaci ba shi da wuya. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa, wato iyakar gudun cikin gari, tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. A daƙiƙa 5 ta ci mita 70 ke nan. A kan babbar hanya irin ta Kaduna zuwa Abuja, da gudun kilomita 100 a awa, tazarar ta kai kusan mita 140, ta zarce tsawon filin ƙwallo. Duk wannan tafiya an yi ta ne ba wanda ke kallon gaba.

A titunanmu kuwa mita 70 ba fili ba ne fetal. A cikinsa akwai mai Adaidaita Sahu da zai ci birki don ya ɗauki fasinja, akwai ɗan acaɓa da zai ɓullo ta hannun da ba a zata ba, akwai mai talla, akwai rami, akwai yaron da zai ƙetara a guje don kada a rufe ƙofar makaranta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe mutum kimanin miliyan 1.19 a duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta ƙirga mutum 5,421 da suka rasu a haɗarin hanya a 2024. Ba duka ne waya ta jawo ba, gudun wuce sa'a da lodi fiye da ƙima da lalacewar hanya duk suna da nasu kason. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa direban da ke amfani da waya ya ninka wanda ba ya amfani da ita kusan sau huɗu wajen yiwuwar yin haɗari. A Amurka, inda ake ware irin waɗannan alƙaluma daban, mutum 3,308 ne suka mutu a 2022 a haɗurran da shagalar direba ta shiga ciki.

Ido, hannu da hankali

Masana sun kasa shagalar direba gida uku: ɗauke ido daga titi, ɗauke hannu daga sitiyari, da ɗauke hankali daga tuƙin. Cin abinci yana ɗauke hannu. Kallon allon talla yana ɗauke ido. Tunanin bashi yana ɗauke hankali. Rubuta saƙo kuwa yana haɗa ukun a lokaci guda, shi ya sa ya fi muni. A 2009, cibiyar binciken sufuri ta jami'ar Virginia Tech ta girka kyamarori a cikin manyan motoci, ta gano cewa direban da ke rubuta saƙo ya ninka haɗarin yin karo ko kusantarsa har sau 23.

Da yawa sukan ce ai su ba sa riƙe waya, abin kunne suke sakawa ko su haɗa ta da Bluetooth ɗin mota. Wannan yana 'yanta hannu, amma ba ya 'yanta ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kiran da ba a riƙe waya ba bai fi wanda aka riƙe aminci da wani abin kirki ba. Dalilin shi ne wanda ke ɗaya ɓangaren layin ba ya ganin titi. Fasinjan da ke zaune a gefe yakan yi shiru da kansa idan ya ga tirela ta taho ko an shiga shataletale mai cunkoso. Mai kira daga gida ko daga shago zai ci gaba da zuba ne, yana jiran amsa.

Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba: hankali ba ya dawowa nan take. Binciken da jami'ar Utah ta yi wa gidauniyar AAA a 2015 ya nuna cewa bayan direba ya gama ba waya ko mota umarni da murya, shagalar na iya bin sa har tsawon daƙiƙa 27. Da gudun kilomita 40 a awa, wannan tafiyar mita 300 ce. Don haka wanda ya ce a danja ko a gosulo kawai yake duba waya, ya sani cewa sa'ad da fitila ta ba da hannu ya taka totur, rabin hankalinsa yana can cikin hirar da ya baro. Taura biyu ba ta taunuwa.

Fasinjojin kujerar baya

Ga mai iyali, waya ba ita kaɗai ce mai jan hankali ba. A 2013 masu bincike a jami'ar Monash da ke Ostareliya suka sa kyamarori a motocin iyalai 12 na tsawon mako uku. Abin da suka samu ya ba da mamaki: a tafiyar minti 16, iyaye kan ɗauke ido daga titi na jimillar minti 3 da daƙiƙa 22, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na tafiyar. Mafi yawan lokacin a waiwayen yaro ko kallonsa ta madubi yake tafiya. Masu binciken sun ce yara sun fi hira a waya shagaltar da direba har sau 12.

Wani binciken da aka wallafa a 2018, na asibitin yara na Philadelphia da jami'ar Pennsylvania, ya tambayi iyayen yara 'yan shekara 4 zuwa 10. Kusan rabinsu sun amsa cewa suna hira a waya suna tuƙi da yara a mota, ɗaya cikin uku yana karanta saƙo, ɗaya cikin bakwai kuma yana shiga shafukan sada zumunta. Idan aka haɗa kukan jariri, da faɗan 'yan biyu a kan wanda zai zauna kusa da taga, da wayar da ke ta ƙara, abin da ya rage wa titi na hankalin direba bai taka kara ya karya ba.

Rage wannan yana farawa ne tun mota ba ta tashi ba. Yaro ya ci abincinsa, ya sha ruwa, ya zaga kafin a fita. Kowa ya san wurin zamansa, kada a riƙa sabon rabo kullum. Abin wasa ko littafi ya kasance inda hannun yaro zai kai, don kada direba ya riƙa miƙa hannu baya. A danna makullin yara da ke jikin ƙofofin baya, a kulle gilasai daga wurin direba. FRSC tana jan kunne cewa yara 'yan ƙasa da shekara 12 kujerar baya ce wurinsu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar yara ta mota tana rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin 100. Yaron da ke ɗaure da bel ba zai leƙo tsakanin kujeru ya taɓa giya ba. Ɗora yaro a cinya a kan sitiyari wai don ya ji daɗi, wannan kam wasa ne da rai biyu. Idan rigima ta ɓarke a baya, a kunna sigina, a sauka gefen titi, a yi fakin, sannan a yi shari'a.

Abin da doka ta tanada

An kafa FRSC a 1988, kuma dokarta ta 2007 da ƙa'idojin hanya na 2012 sun haramta amfani da waya yayin tuƙi. A jadawalin laifuffukan hukumar, tarar da aka daɗe da sani ga wannan laifi ita ce naira 4,000 da maki 4 a kan lasin. A 2017 hukumar ta ƙara da tura masu wasu laifuffuka, ciki har da wannan, zuwa asibiti a gwada lafiyar tunaninsu. A Birtaniya hukuncin ya fi tsauri: fam 200 da maki 6, kuma wanda bai cika shekara biyu da samun lasin ba yana rasa lasin ɗin gaba ɗaya. Tun watan Maris na 2022 dokar can ta haɗa da ɗaukar hoto ko bidiyo da zaɓar waƙa da wayar da ke hannu, ko da an tsaya a danja.

Tarar naira 4,000 ba ta kai kuɗin datar da wasu ke saya a wata ba, kuma jami'i ba ya cikin kowace mota. Dokar da za ta yi aiki kullum ita ce wadda iyali suka kafa wa kansu, suka kuma sa waya ta taya su tsare ta.

Saitin da ke cikin waya tuntuni

Kamfanin Apple ya fara saka tsarin hana damuwa lokacin tuƙi a iOS 11 a 2017, daga iOS 15 kuma ya koma ƙarƙashin Focus. Mai iPhone zai shiga Settings, ya taɓa Focus, ya zaɓi Driving, idan bai gan shi ba ya danna alamar ƙari da ke sama. A nan zai zaɓi yadda tsarin zai riƙa kunnuwa: da kansa idan waya ta ji alamar tafiyar mota, ko idan ta haɗu da Bluetooth ɗin motar, ko kuma da hannu. Da zarar ya kunnu, allo ba ya haskawa, sanarwa ba ta ƙara. Akwai kuma Auto-Reply, inda za a rubuta amsar da waya za ta tura da kanta, kuma ana iya rubuta ta da Hausa: "Ina tuƙi, zan kira in na tsaya." Wanda ke da larura ta gaggawa zai iya sake turo kalmar urgent, saƙonsa ya ratso. Abin lura shi ne wannan amsa ta saƙon tes ce da iMessage, ba ta shiga WhatsApp.

A wayoyin Samsung na baya-bayan nan, a cikin Settings akwai Modes and Routines, a ciki kuma akwai Driving. Ana iya ɗaura shi da Bluetooth ɗin mota, ya kunna Do Not Disturb da zarar an tayar da ita, ya kashe idan an sauka. Wayoyin Pixel ma suna da nasu tsarin da ke gane tuƙi ya rufe bakin sanarwa.

Masu Tecno da Infinix da itel da Redmi, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun jama'a, ba a bar su a baya ba. Kowace wayar Android tana da Do Not Disturb, galibi a sashen sauti ko a jerin alamomin da ake janyowa daga saman allo. Dabarar ita ce a yi masa jadawali. Lokacin kai yara makaranta da ɗauko su ba ya canzawa, don haka sai a saita shi Litinin zuwa Juma'a, misali daga 7:00 zuwa 8:00 na safe, da kuma lokacin tashi. Ga mai tsoron kada ya rasa kira mai muhimmanci, akwai zaɓin barin kiran mutanen da aka sa wa tauraro, da na wanda ya sake kira cikin minti 15. A iPhone kira na biyu cikin minti 3 ne ke ratsowa. Amma ko kiran ya ratso, ƙa'idar tana nan: a tsaya kafin a ɗaga.

Wanda ya san hannunsa ba ya jin magana, mafita mafi sauƙi ba ta buƙatar manhaja. Ya sa wayar a jaka, ya ajiye jakar a but ko a bayan kujera inda hannu ba zai kai ba.

Taswira da allon mota

Wani zai ce wayar ita ce taswirarsa. To, a shirya ta kafin a tashi. A rubuta inda za a a Google Maps tun mota tana tsaye, a kunna muryar jagora, a kafe wayar a kan mariƙi daidai tsayin ido, a gefen da ba zai tare gilashi ba. Don tafiya mai nisa, a sauke taswirar yankin a waya tun a gida, saboda yankewar sabis a hanya na daga cikin abin da ke sa direba ya fara lalube. Karatu ko waƙa ko shirin da za a saurara, shi ma a jera shi tun kafin a saki birkin hannu.

Android Auto da CarPlay sun rage buƙatar ɗaukar waya, amma ba su kawar da haɗarin ba. A 2020 ƙungiyar IAM RoadSmart ta Birtaniya ta sa an gwada direbobi a na'urar kwaikwayon tuƙi, aka ga cewa latsa allon waɗannan tsare-tsare da yatsa yana jinkirta martanin direba da sama da kashi 50 cikin 100, fiye da jinkirin da rubuta saƙo ya haifar a irin wannan gwaji. Wannan ya shafi manyan allunan Android da ake girka wa motoci 'yan Kwatano a kasuwa, waɗanda ke kunna YouTube da finafinai mota na tafiya. Idan don yara ne ake kunna fim, allon ya koma baya, kuma a sa musu abin kunne. A Turai an kai ga dokar Tarayyar ta wajabta wa sabbin samfuran motoci, tun watan Yulin 2024, na'urar da ke lura da idon direba ta yi ƙara idan ya daɗe bai kalli titi ba. Kafin irin waɗannan motoci su yawaita a nan za a jima.

Mai kira daga gida

Da yawa daga cikin kiran da ke shigo wa direba, daga gida yake fitowa. "Kun kai ina?" "Ka biya ka sayo burodi." "Yaran sun shiga aji?" Uwar da ta damu da lafiyar 'ya'yanta har ta kira direban gida ko mai Adaidaita Sahun da ke kai su makaranta sau uku a hanya, ita da kanta take cire masa hannu daga sitiyari, alhali 'ya'yanta ne a bayansa.

Fasaha ta riga ta amsa tambayar "kun kai ina". WhatsApp yana ba da damar tura wurin da mutum yake kai tsaye na minti 15, ko awa 1, ko awa 8. Google Maps ma yana iya nuna wa na gida inda tafiya ta kai da lokacin da ake sa ran isowa. Direba ya tura kafin ya tashi, na gida ya bi shi a taswira ba tare da ya kira ba. Wannan ya fi amfani a tafiye-tafiyen Sallah da na ƙarshen shekara, lokacin da hanyoyi ke cika. Saƙon cefane ya jira a WhatsApp har a tsaya. Wanda kuma ya kira ya ji ƙarar hanya, tambayarsa ta farko ta zama "Tuƙi kake?" Idan amsar e ce, ya katse.

Iyalin da suka ɗauki direba ko suka yi kwangila da mai kai yara makaranta, su sa wannan cikin sharaɗi tun ranar farko, su kuma tabbatar masa cewa ba za a yi masa faɗa ba don bai ɗaga kiran mai gida yana tuƙi ba. Direbobi da yawa tsoron faɗan ne ke sa su ɗagawa.

Aikin matasa a cikin mota

A yawancin gidaje, matashi ne makanikin waya. Shi ke buɗe wa Baba imel, shi ke gyara wa Umma WhatsApp idan ya ƙi. Saita Driving ko Do Not Disturb a wayoyin gidan gaba ɗaya ba zai ci masa minti goma ba. A cikin mota kuma yana da muƙami: mai riƙe waya. Shi zai karanta saƙo, ya amsa kira, ya duba taswira, ya tura kuɗi idan ta kama.

Gyara wa babba kuskure abu ne mai nauyi, don haka lafazi yana da muhimmanci. "Baba, kawo in riƙe maka, in an kira sai in faɗa maka wane ne" ya fi shiga kunne a kan "Baba, ka daina." "Umma, bari in karanta miki" ba wanda zai kira shi rashin kunya. Ƙananan yara ma ana iya ba su izini a fili cewa duk wanda ya ga direba ya ɗauki waya ya yi magana, ba kuma za a tsawata masa ba.

Matashin da ya cika shekara 18 ya samu lasin, aka fara ba shi mukullin mota ya kai ƙannensa makaranta, jarabawarsa ta fi ta iyayensa. Ƙwarewarsa kaɗan ce, sanarwar wayarsa kuma ta fi yawa. Bidiyon TikTok a kan sitiyari, ɗaukar hoton allon gudu don a sa a status, da ɗaga waya ta taga a ayarin kai amarya, duk abubuwa ne da ake yi don 'yan kallo, amma idan abin ya ɓaci 'yan kallo ba sa cikin motar. Akwai manhajoji irin su Life360 da ke nuna wa iyali rahoton tuƙi, har da yawan taɓa waya. Suna da amfani idan an girka su da yardar kowa, kuma rahoton Baba ma yana fitowa kamar na kowa. Inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya ke sha. Yaron da ya shekara goma yana kallon mahaifinsa yana rubuta saƙo a kan titi ya riga ya gama karatun tuƙinsa na farko.

Akwai lambobi biyu da ya kamata su kasance a wayar kowane ɗan gida: 122 ta FRSC, da 112 ta agajin gaggawa na ƙasa, duka kyauta ake kiransu. A adana su yau da daddare, a lokacin da ake zagaya wayoyin gidan ana saita su ɗaya bayan ɗaya. Gobe da safe, kafin a murza mukulli, a tura wa na gida wurin da ake, a miƙa wayar ga na kujerar gefe ko a jefa ta cikin jaka. Saƙonnin za su taru su jira a ƙofar makaranta.